Na Bi Sawun Tunau Baduku

Muna sallame sallar asuba muka kama hanyar tashar Gusau, ni da taubashina, shi da jakar guzuri, ni da takalmana ƙunshe cikin tsumma a hammata, ina jan ƙafa cikin silifan aro. Tun da na dawo jama'a suka dame ni da tambaya, wai da gaske ne na bar kasuwa na tafi har Bakura saboda tsofaffin takalma. Da gaske ne. Ga yadda aka yi, kowa ya ji, a bar ni in huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan koli ne. Allura, zare, kwalli, madubi da turare nake ɗauka a ka ina bin kasuwannin ƙauye, saboda haka ƙafata ita ce jarina. Ita ƙafar kuwa ba daidai take ba. Ina yaro na faɗo daga kan rumbu, maɗori ya ɗora, ta warke, amma ta hagu ta gaza ta dama. Na daɗe ina fama da ɗingishi da ciwon ƙugu, har lokacin da nake cin kasuwannin Maradun da Janbako na gamu da wani baduku mai suna Tunau, a wani ƙauye da ke bakin gulbi. Shi ya ɗinka mini takalma sau-ciki na jar fata, ya yi wa na hagun tudu daga ƙasa. Tudun ma ba shafe ɗaya ba ne, ya fi kauri wajen dunduniya, ya ɗan karkata waje. Ranar da na sa su na gane ashe haka sauran mutane suke tafiya. Bayan na koma Gusau da zama na daina zuwa wajensa, sai dai in ƙasan ya cinye in sa a liƙa wani a kai, tudun dai ba mai taɓa shi.

Watan jiya ɗinki ya saki a gefe, ɗan abu kaɗan, na ba wani mai gyara a bakin tasha na tafi Juma'a. Na dawo na tarar da shi yana washe baki. Wai ya lura wanda ya yi takalman bai iya aiki ba, ɗaya ya fi ɗaya tudu, shi ne ya ɓamɓare ƙasan duka ya buga musu taya, yanzu sun zama daidai. Na ce fatar da ka cire fa? Ya nuna mini murhun mai shayi. Jama'a, ban san ina da irin wannan murya ba sai ranar. Mutum ya yi maka gyaran gangar Auzinawa, kuma ya tsaya yana jiran tukuici! Na kai wa wasu masu gyara biyu, na farko ya yi tudun ya wuce, na biyu ya yi shi a miƙe kamar allo. Kasuwa ɗaya na ci da su na dawo na kwanta, ƙugu kamar ana sara. In ban fita ba ba a ɗora tukunya a gidana, don haka na ce sai Tunau, ko yana ina.

Motar da muka samu irin kiya-kiyar nan ce da ba ta tashi sai an tura ta, an kuma cusa mu kamar buhunan gyaɗa. Hanyar ba laifi, sai dai manyan motocin aikin dam ɗin Bakolori sun mai da ita tasu. Tifa za ta taso maka a tsakiyar titi, kai ne za ka sauka gefe ka ba ta wuri, direbanmu yana zagi ƙasa-ƙasa yana kuma ɗaga mata hannu. Taubashina kuwa tun kafin mu fita gari ya buɗe jakar guzuri da baki. Ya gaya wa duk motar cewa rakiyar mara lafiya ya yi, aka shiga yi mini sannu, sai ya ce ba ni ba ne, majiyyacin yana hammata. Aka yi ta dariya. Na ƙyale shi, don wasan taubashi ba a kai shi gaban alƙali.

Mun shiga Talata Mafara da hantsi. Rabona da garin an jima, na kusa in ce direba ya yi ɓatan kai. Baƙi ko'ina, harsuna iri-iri, ma'aikata da hulunan kwano da manyan takalma masu ƙarfe a baki, rumfunan abinci har inda da can gonaki ne. Mai kuɗin albashi ba ya taya kaya, saboda haka komai ya yi sama. Hocen da na sani, wainar dawar nan mai cika tafin hannu, ya rame ya koma kamar faifan yara, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba. Taubashina ya ci uku ya ce bai ji ya ci komai ba. Tuwon dawa da miyar sure dai har yanzu na garin yana nan da daɗinsa, wannan ba zan yi musu ƙarya ba.

Daga nan muka hau a-kori-kura zuwa Maradun, kuma a wannan hanya ce raina ya fara ɓaci da abin da ya wuce takalmi. Kaka ce fa, lokacin da ya kamata a ga dawa ta sunkuyar da kai, gero a ɗaure, ana kiran juna daga gona zuwa gona. Abin da na gani fili ne fetal, jar ƙasa iya ganinka, katafila ta bi ta shafe. Ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, bagaruwa, duk an tuge an tara gefe, saiwoyi a sama. Wani dattijo da ke kusa da ni ya nuna wani wuri da sandarsa ya ce gonarsa tana nan, ko nan, ko can gaba kaɗan, shi kansa bai sani ba, don tsamiyar da yake gane ta da ita babu. An ce musu su dakata da shuka har a gama daidaita ƙasa a kawo ruwa, damina ta zo ta wuce suna dakatawa. Da na ji kalmar daidaitawa sai na matse ƙunshin da ke hammatata. Ga dukkan alama cutar ɗaya ce take yawo a ƙasar nan: mutum ya ga tudu a abin wani, bai tambayi dalilin tudun ba, ya kama shafewa. Ni aƙalla na samu wanda na yi wa ihu. Dattijon nan ban ga wanda zai kama ba, don mai tuƙa katafila cewa zai yi aiko shi aka yi.

Madatsar Bakolori kanta, gaskiya abin kallo ce. Gani ya kori ji. Bango ne na siminti da ƙasa ya tare gulbi, bayansa ruwa ya kwanta har inda ido ya gaza. Taubashina ya saki baki, ya ce wannan ko jirgi ya shiga sai ya yi guzuri. Ni ma na yi mamaki, amma da muka ƙara gaba na fara hango kawunan itatuwa a tsakiyar ruwa, busassu, tsuntsaye a kai, sai mamakin ya koma wani abu. Na tambayi yaron motar, wanda ƙato ne mai gemu, inda ƙauyen su Tunau yake. Ya miƙa hannu wajen ruwan. Na san hanyar ƙauyen nan kamar tafin hannuna, na san inda ake ƙetare gulbi da rani da inda mata ke shanya shinkafa, yau ko alama babu.

Mutanen an tashe su an kai su wani tudu kusa da Maradun. Nan muka sauka da azahar. Gidaje a jere layi-layi, ƙasa tsakuwa zalla, ba inuwar da za ka tsaya ka sha iska. Silifan aro suka nuna mini halinsu a kan tsakuwar nan, kowane taku sai na ji shi har tsakar kai. Muka yi ta sallama gida-gida. Wasu na gane su, sun gane ni, aka yi gaisuwa mai tsawo, amma da ka ce ina aiki sai a ce da godiya a sunkuyar da kai. Maza zaune da rana tsaka a lokacin girbi, wannan kaɗai ya isa labari. A ƙarshe wata tsohuwa mai fura, wadda da can nake sayar wa kwalli, ita ta warware mana.

"Tunau baduku? Ai ya daɗe da tashi, ɗana," in ji ta. "Wanda bai da gona bai da kasuwa, ina za shi da takalmi? Ya zamna nan wata da watanni ba wanda yak kawo mai ko ɗinkin laya. Ɗiyatai taz zaka tat tahi da shi Bakura, shina can gidan mijinta."

Ta dama mana fura ta ƙi karɓar ko kwabo. Furar ruwa-ruwa ce, nonon ma kaɗan, ta ba da haƙuri ta ce Fulanin da ke kawo musu sun canja hanya. Na sha ina jin kunya da haushi a haɗe. Muka koma Talata Mafara muka kwana a zauren wani abokin cinikina.

Da safe muka nufi Bakura. A raina na ce to, waɗannan su ne ƙasa da dam, ruwa bai ci su ba, sai a same su da sauƙi. Ashe su nasu kukan daban ne. Wani mutumin Dakko da muka shiga mota tare ya ce fadamarsu da ambaliya take rayuwa, gulbi ya cika ya malala ya koma, a bi bayansa da shinkafa da albasa. Tun da aka tare ruwan, malalar ba ta zuwa yadda aka saba. Na leƙa ta taga na ga gaskiyarsa, shinkafa ta tsaya guntu-guntu ta yi ja, wani wurin ƙasa ta dare. Can an kashe mutane da yawan ruwa, nan ana kashe su da rashinsa, kuma gulbi ɗaya ne. Har taubashina ya rufe jakar guzuri a wannan hanya.

Ba mu sha wuyar samun gidan ba, don a Bakura in ka ce baƙon baduku na Maradun kowa ya san shi. Mun tarar da shi a ƙofar gidan surukinsa, zaune a kan buzu, yana ɗinke wani tsohon linzamin jaki. Ya tsufa ƙwarai, wuya ya yi siriri, amma hannuwan suna nan yadda na san su, baƙaƙe masu kauri. Tun kafin in yi sallama ya ɗaga kai, ba fuskata ya duba ba, tafiyata ya duba.

"Mai-koli! Kai na? Lale, lale. Ina gajiya? Ina iyali? Ina ka baro mutanen Gusau?"

Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare aka sake sabuwa. Na yi masa jajen gida, ya ce ikon Allah, bai ƙara ba. Sannan na kwance tsumma na ajiye takalman a gabansa. Ya ɗauki na hagun ya juya shi, ya danna tayar da babban yatsa.

"Wa yay yi ma wanga aiki?"

Na fara zuba, da zagi da komai. Ya ɗaga hannu ya ce Allah shi shirye shi, ya sa ƙarfe ya fara zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a gefe. Saman takalmin ya ce da sauransa, fatar ba ta mutu ba, ƙishin mai kawai take ji.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da masu gyaran bakin tasha ba su sani ba, kuma ba su tambaya. Tunau ba ya awon takalmi, tafiya yake aunawa. Ya sa aka share ƙofar gida aka yayyafa ruwa har ƙasa ta yi laushi, ya ce in tuɓe silifa in taka. Na ɗaga ƙafa ke nan ya tsai da ni.

"A'a. Kai ba ka tahiya hannu sake, da kaya kaka tahiya. A ɗora mai kaya."

Akwatin kolina yana Gusau, saboda haka aka ɗauko rabin buhun dawa na surukinsa aka ɗora mini a ka. Na yi ta kai da komo a gaban maƙwabta, taubashina yana tafi yana cewa a ƙara mini turmi. Tsohon kuwa ya durƙusa yana bin sawuna, yana sa yatsa a ramin dunduniya, yana gwada zurfin na dama da na hagu da tsinke. Da ya gama ya ce, "Ƙahwag ga ta tsuhwa awa mai ita. Ba ita na auna dauri ba." Wato ko da tudun farko bai shiga wuta ba, yanzu sai an ƙara masa.

Daga nan ya koma kan buzunsa ya zauna, bai taɓa kayan aiki ba. Na zaci gajiya ce. Ashe fata ce babu. Tudun ba a yin sa da fatar akuya, sai kirgi, fatar shanu mai kauri wadda aka jeme sosai. Majeman da suke yi masa sun watse tare da ƙauyen, bagaruwar da suke jima da ita tana cikin waɗanda na gani an tuge. Wanda ake samu a kasuwa yanzu, in ji shi, ɗanye ne, wata biyu zai lotse in koma gidan jiya. Na yi wannan tafiya duka, na sami mutumin, na sami hannun, a ce abin da za a yi aikin da shi ne babu. Na fara lissafin abin da zan koma in yi, ni da ban iya zaman rumfa ba, ban kuma da jarin kama ta.

Sai ya tashi ya shiga ɗakin da aka ba shi, ya fito da wasaki, babban gugan fata, da igiyarsa a naɗe. Ina ganinsa na gane shi. A ƙofar zaurensa na can akwai rijiya da ubansa ya haƙa, duk ɗan kasuwar da ya biyo ta nan sai ya sha, ni ma na sha ba adadi, kuma da wannan wasakin ake ja.

"Baba, wannan ai na rijiyarka ne," na ce. "Kada ka yanka shi saboda ni."

"Shi na," in ji shi. "Rijiya tana ƙarƙashin ruwa, Mai-koli. Mi za ni ja da shi? Na ɗauko shi don ban iya barinai, ba don shina da aiki ba. Gara shi yi tahiya da shi kwana bisa bango."

'Yarsa tana tsaye a bakin zaure da kwanon ruwa. Da ta ga ya ɗauki wuƙa sai ta ajiye kwanon ta koma ciki. Daga baya mijinta ya gaya mini cewa tun da tsohon ya zo ba ya bari kowa ya taɓa wasakin nan, ko gugansu ya tsinke sai dai su yi aro a maƙwabta. Na so in rantse in hana shi. Ban hana ba, don ina da yara a gida, kuma shi ya san haka. Na zauna ina kallo ya huda gindin wasakin ya zagaye shi da wuƙa, raina yana tafasa, ba kuma da shi nake ba.

Aikin ya ci yinin ranar da safiyar washegari. Ya jiƙa fatar, ya buge ta a kan dutse, ya yanka ta falle-falle, kowane falle ya fere gefensa da aska har karkatar ta fito. Ya ɗaure su da ɗinkin wucin gadi ya ce in sa in ɗauki buhun dawa. Na taka, ya girgiza kai, ya kwance ya ƙara fere wani wuri da ni ban ga bambancinsa ba. Haka muka yi ta yi har ya bar girgiza kai. Sannan ya kama ɗinki na gaske da basilla da zaren fata, ba ƙusa ko ɗaya, ya shafe saman da man shanu har jan ya dawo. Da na sa su na miƙe, ƙuguna ya saki kamar an sauke mini kaya. Na je ƙarshen layi na dawo. Taubashina ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya ce, "Wallahi ka miƙe."

Da za mu tafi tsohon ya raka mu bakin hanya. Ya ce in riƙa shafa musu mai, in kiyaye su da duwatsu da laka. Ya ce kuma in sun sake lalacewa kada in wahalar da kaina da zuwa, abin da ya rage a wasakin bai isa wani tudu ba. Da na waiwaya na hango shi yana naɗe igiyar a kan bakin wasakin, wanda yanzu ba shi da gindi, zai mai da shi ɗaki.

Mun iso Gusau bayan la'asar, na tako daga tasha har gida ban dafa bango ba. Washegari na ɗauki akwatina na ci kasuwa na dawo lafiya, an ɗora tukunya, alhamdu lillahi. Amma in an tambaye ni abin da tafiyar ta koya mini, ba wani mai daɗi ba ne. Na fita da fushin takalmi, na dawo da fushin da ya fi ƙarfina, wanda ban san ƙofar da zan kai shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma duk wanda zai yi wa mutane gyara, ƙarami ne shi ko babba, ya fara tsayawa ya tambaye su. Na ga abin da rashin tambayar yake ci: gona, fadama, ƙauye, har gugan tsoho.

Takalman suna nan, su ne na ƙarshe, kuma na san da abin da aka yi su. Shi ya sa yanzu in na zo wurin duwatsu ko rafi nake tuɓe su in rataya a wuya, in ratsa da ɗingishina, kaya a ka. Masu ganina a hanya suna dariya, wai ga mai takalmi yana tafiya ba takalmi, su yi ta yi.